Yadda Ake Zaɓen Maganin Ciwo a Kemis ɗin Saudiyya Ba Tare da An Cuci Hanta Ko Ƙoda Ba

Wanda ya shiga Nahdi ko Al-Dawaa, ko wani ƙaramin kemis a unguwar Misfala ko Sharmansur a Makka, zai tarar da kanta guda cike da kwalayen maganin ciwo: ja, shuɗi, kore, ruwan ɗorawa, wani na dare, wani na mura, wani na gaɓɓai. Ido ya raina fata. Amma in aka bar sunayen kamfani aka duba abin da ke cikin ƙwayar, kusan duk kantar nan gida biyu ne. Gidan farko parasitamol. Gida na biyu ibuprofen da danginsa, wato diclofenac da naproxen da asfirin. Gidan farko hanta ce ke ɗaukar nauyinsa. Gida na biyu kuwa ciki da ƙoda da jini suke taɓawa. Saboda haka ba zafin ciwon ne kaɗai ke zaɓa maka magani ba. Jikinka da abin da yake fama da shi tun kafin ciwon su ne suke zaɓa. Ga yadda ake bi, ko kai mazaunin Makka ne ko Jidda ko Madina, ko baƙon Allah da ya zo Umara ko Hajji.

Tsaya tukuna: wannan ciwon na kemis ne?

Akwai ciwon da ƙwaya ke rufewa har lokacin ceto ya wuce. Idan ƙirji ya yi nauyi kamar an danne shi, ciwon na tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, ga zufa, ba maganar Panadol ake ba. Haka ciwon kai da ya sauko farat ɗaya da tsananin da mutum bai taɓa ji ba, ko wanda ya zo tare da karkacewar baki, nauyin harshe, ko mutuwar hannu. Haka zazzaɓi da sanƙarewar wuya, don a cunkoson jama'a irin na Harami ne sanƙarau ke samun hanya, shi ya sa ma ake tilasta wa maniyyata allurarsa. Haka ciwon ciki mai tsanani da ciki ya ƙage, ko aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin. Duk waɗannan a kira 997, motar agajin Hilal Ahmar, ko 911 a yankin Makka. In kana kusa da Harami, asibitin Ajyad na nan dab da shi.

Sai zafin rana, wanda ya fi kowanne yaudarar mutane. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka sanar da rasuwar mutum sama da 1,300. Mutum zai dawo daga jifa jikinsa zafi zau, kansa na sarawa, yana magana ba kan gado, sai abokan ɗaki su ce zazzaɓi ne su ba shi Panadol biyu su lulluɓe shi. Bugun rana ba zazzaɓi ba ne, kuma maganin zazzaɓi ba ya saukar da shi. A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a kwara masa ruwan sanyi, a yi masa fifita, a kira motar asibiti.

Abu na ƙarshe a nan: wanda bai daɗe da barin Kano ko Maraɗi ba ya kama zazzaɓi, a fara tunanin maleriya. Sauron gida ne ya cije shi, cutar ta biyo shi jirgi. Parasitamol zai sanyaya jiki na 'yan sa'o'i, ƙwayar cutar kuwa tana ci gaba da aikinta. A je a yi gwajin jini.

Ƙirga abin da ke jikinka kafin ka buɗe baki

Wannan matakin shi ne ginshiƙin al'amarin, kuma shi aka fi tsallakewa. Kafin ka ce wa mai kemis komai, amsa wa kanka waɗannan.

Kana da gyambon ciki, ko ka taɓa yin aman jini, ko kana yawan jin ƙwannafi da zafin ciki? To ibuprofen da diclofenac da naproxen da asfirin ba naka ba ne. Yadda suke kashe ciwo shi ne su hana jiki samar da wani sinadari da ke kawo kumburi da raɗaɗi. Matsalar ita ce sinadarin nan shi ne kuma ke sa ciki ya yi majinar da ke kare bangonsa daga ruwan tsami, shi ne ke buɗe hanyoyin jinin da ke shiga ƙoda. Ka toshe shi don gwiwa, ka toshe shi a ciki da ƙoda gaba ɗaya.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa mai ciwon ƙoda, da mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da wanda ya daɗe da ciwon suga, su ma ake ja musu kunne. Magungunan nan suna sa jiki riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau, ƙafa ta kumbura. Mafi haɗari shi ne mutumin da ke shan maganin hawan jini irin lisinopril ko losartan, haɗe da maganin sa fitsari irin Lasix, sannan ya ɗora Brufen, wato ibuprofen, a kai. Ukun nan in suka haɗu a jikin dattijon da ya yini yana zufa tsakanin Mina da Jamrat bai sha isasshen ruwa ba, ƙoda na iya tsayawa cikin kwanaki kaɗan. Alhazanmu da yawa suna rage shan ruwa da gangan don gudun layin banɗaki a Mina da Arfa, musamman mata. Wanda yake haka, ko lafiyarsa ƙalau, ya nisanci gidan ibuprofen har sai fitsarinsa ya koma fari-fari.

Kana shan maganin tsinka jini, irin warfarin ko clopidogrel? Kada ka taɓa gidan ibuprofen sai da izinin likita. Wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin na kullum, mai miligiram 75 ko 81 ko 100, ya sani wannan ba na ciwon kai ba ne, na kare zuciya ne. Kada ya ƙara yawansa don ciwo, kuma ibuprofen na iya rage masa amfaninsa.

Kana da asma? Wasu masu asma numfashinsu na sarƙewa da zarar sun sha asfirin ko ibuprofen. In ya taɓa faruwa da kai sau ɗaya, ya isa.

Hajiya, kina da juna biyu? Parasitamol ne naki, gwargwadon buƙata, na ɗan lokaci. A 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin a guji dangin ibuprofen daga mako na 20 na ciki, saboda suna taɓa ƙodar jariri su rage ruwan da yake kwance a ciki, a watannin ƙarshe kuma suna iya taɓa jijiyar zuciyarsa. Mai shayarwa kuwa tana iya shan parasitamol ko ibuprofen, amma ban da asfirin.

Gidan parasitamol shi ma yana da nasa. Mai ciwon hanta, wanda aka taɓa gaya masa yana ɗauke da hepatitis B ko C, wanda ya rame ƙwarai, ko babban da nauyinsa bai kai kilo 50 ba, kada ya sha cikakken adadin da ke jikin kwali sai ya tambayi likita ko ƙwararren mai kemis. Ciwon hanta ya yi yawa a cikinmu, kuma da yawa ba su san suna da shi ba.

Mai sikila ya riga ya san jikinsa. Ƙaramin ciwo parasitamol da ruwa mai yawa, amma in ciwon ya tashi sosai, ko ya zo da zazzaɓi ko ciwon ƙirji, asibiti ne kai tsaye.

Fara da parasitamol, amma da lissafi

Ga yawancin mutane da yawancin ciwo, ciwon kai, ciwon jiki na gajiya, zazzaɓin mura, nan ake farawa. A nan za ka same shi da sunan Panadol, Adol, ko Fevadol. Duk abu ɗaya ne, kuma mai araha yana aikin mai tsada. Kuɗin ma a buge yake a jikin kwali, ba a ciniki. A wasu kwalayen da suka zo daga Amurka za ka ga an rubuta acetaminophen, shi ma parasitamol ne.

Babba yana shan ƙwaya ɗaya ko biyu masu miligiram 500, sannan ya jira aƙalla awa huɗu, in da hali shida. A cikin awa 24 kada ya wuce miligiram 4,000, wato ƙwaya takwas. Wannan iyaka ce, ba adadin da ake son a kai ba. Dattijai da marasa jiki su tsaya ƙasa da haka.

Ba kasafai mutum ke wuce iyaka da gangan ba. Ga yadda abin ke faruwa. Alhaji ya tashi da asuba da murar Makka, wadda kusan ba mai tsallake ta, ya sha Panadol biyu. Da hantsi maƙwabcin gadonsa ya ba shi Procold da ya taho da shi daga gida. Bayan azahar ya sayi Panadol Cold and Flu ya sha biyu. Da la'asar kai bai daina ba, ya ƙara da Panadol Extra biyu. Da magariba wani ya jiƙa masa garin maganin mura mai ɗanɗanon lemon tsami a kofin ruwan zafi. Da dare Panadol Night biyu don ya samu barci. A ganinsa magani shida daban-daban ya sha, alhali parasitamol ya sha sau shida, ya kuma tsallake iyaka bai sani ba. In ya yi kwana uku a haka, hanta ce za ta biya.

Abin tsoron shi ne hanta ba ta kuka da wuri. Wanda ya sha fiye da ƙima na iya jin garau, ko ɗan tashin zuciya kawai, har kwana ɗaya ko biyu, sannan ido ya yi ɗorawa, gefen dama na ciki ya kama ciwo. Akwai maganin da ke karya gubar a asibiti, kuma ya fi aiki in an ba da shi cikin awa takwas na farko. Don haka wanda ya gane ya zarce, ko yaro ya samu kwalba ya kwankwaɗa, kada a jira alama, kada a ba shi madara ko manja a ce za a wanke ciki. A tafi asibiti da kwalin a hannu.

Juya kwalin ka karanta

Babban sunan da ke gaba na talla ne. Abin da kake nema yana ƙasa ko a gefe, da ƙananan haruffa, da Turanci da Larabci: sunan sinadari da lambar miligiram. In karatun ya gagara, ɗauki hotonsa da waya ka buɗa shi, ko ka sa yaro ya karanta maka.

Panadol shuɗi parasitamol ne zalla. Jan, mai suna Extra, an ƙara masa miligiram 65 na kafin a kowace ƙwaya, sinadarin da ke cikin gahawa da shayi da goro. Yana ɗan ƙara ƙarfin maganin a kan ciwon kai, amma wanda ya sha biyu bayan isha'i ya ɗora shayin Adani a kai, kada ya yi mamaki in ido ya bushe zuciya na dukan uku-uku. A gefe guda, wanda ya saba da goro kullum ya zo ƙasar da ba a bari a shigo da shi, ciwon kan da ke damunsa a kwanakin farko sau da yawa na rashin goron ne. Kofin shayi mai kauri na iya yi masa abin da ƙwaya ba ta yi ba.

Na dare, mai suna Night, yana da maganin sa barci. Direban da ke jigila tsakanin Jidda da Makka kada ya kusance shi in zai hau hanya, tsoho kuma yana iya sa shi jiri ya faɗi a banɗaki, ko fitsari ya riƙe masa in yana da matsalar mafitsara. Na mura da na toshewar hanci suna ɗauke da sinadarin da ke matse jijiyoyin jini don hanci ya buɗe, kuma yana ɗaga hawan jini. Mai hawan jini ya bar su, ya sha parasitamol zalla, ya wanke hanci da ruwan gishiri na feshi. Na gaɓɓai, mai suna Joint, ƙwayarsa miligiram 665 ce mai narkewa a hankali, ba a tauna ta ba a daka ta, kuma ba a wuce shida a yini. Wanda ake jefawa a ruwa ya yi kumfa, wanda Larabawa ke ce wa fawwar, gishiri ne da shi mai yawa. In an hana ka gishiri a miya, an hana ka shi.

Kayan da aka taho da su daga gida ma a bi su da wannan idon. Alabukun asfirin ne da kafin. Boska yana da parasitamol. Ibucap ya haɗa ibuprofen da parasitamol da kafin a ƙwanso ɗaya. Felvin, wanda 'yan ƙwadago ke sha don ciwon jiki, piroxicam ne, ɗan gidan ibuprofen, kuma yana cikin waɗanda suka fi cin ciki. Haɗin da mai kemis na unguwa ya ƙulla maka a leda, ja ɗaya fari biyu kore ɗaya, ba suna ba kwanan wata, wannan kam a zubar. Ba ka san me ke ciki ba, in kuma jami'in filin jirgi ya tambaye ka, ba ka da amsa.

Lokacin da ibuprofen ya fi dacewa

Kada a ɗauka na ce ibuprofen mugun magani ne. Inda akwai kumburi ya fi parasitamol aiki nesa ba kusa ba: ciwon haƙori, targaɗe, gwiwar da ta kumbura bayan sa'ayi, ciwon mara na al'ada. Matashi mai lafiya da ke cin abinci yana shan ruwa, babu ɗaya daga cikin abubuwan da na lissafa a sama, yana iya shansa hankali kwance na 'yan kwanaki.

Za ka same shi da sunan Brufen, Profinal, ko Advil. Babba ya sha miligiram 200 zuwa 400, bayan awa shida zuwa takwas ya sake in da buƙata, kada ya wuce 1,200 a yini sai da umarnin likita. Mai lamba 600 na likita ne, ko da an miƙo maka shi. A sha bayan abinci da cikakken kofin ruwa. Ana iya haɗa shi da parasitamol, tunda gidajensu daban, amma ba a haɗa 'yan gida ɗaya: Brufen da Voltaren, ko Brufen da Alabukun, ba ya ƙara sauƙi, haɗarin zubar jini kawai yake ninkawa.

Ƙwayar diclofenac, wato Voltaren ko Rofenac ko Olfen, mutanenmu suna ƙaunarta don tana aiki da sauri. Ni dai ba na ba kowa shawarar ya saye ta da kansa. Ta fi sauran taɓa zuciya da jijiyoyin jini, har Ingila ta daina barin a sayar da ƙwayarta ba takardar likita tun 2015. In gwiwa ce ko idon sawu ko kafaɗa, sayi na shafawa. Kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, kuma ga dattijuwa mai ciwon gwiwa ya fi ƙwaya aminci ƙwarai. Ba a shafa shi a kan rauni ko ƙafar da ta sale, a kuma wanke hannu bayan an gama. Mai harami ya lura cewa wasu man zafin suna da ƙamshi. Ya tambayi malamin tawagarsa kafin ya shafa.

Akwai wani dalili na musamman da ya sa mazauna Jidda da Makka da Jazan ya kamata su yi hattara: zazzaɓin dengi. Tun 1994 aka fara ganinsa a Jidda, kuma bai bar yankin ba. Sauro ne mai cizon rana ke kawo shi, yana hayayyafa a ruwan tanki da bokitai da ake ajiyewa. Yana zuwa da zazzaɓi mai zafi, ciwon bayan ido, ciwon ƙashi da gaɓɓai, wani lokaci da ƙuraje. Yana rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, don haka asfirin ko ibuprofen a kansa na iya jawo zubar jini. A garuruwan nan, zazzaɓin da ba a san asalinsa ba parasitamol kaɗai ake ba shi har a yi gwaji.

Yara: da kilo ake auna, ba da shekara ba

Asfirin haramun ne ga yaron da bai kai shekara 16 ba sai likita ya rubuta, saboda wata cuta da ke kama hanta da ƙwaƙwalwa in an ba shi lokacin mura ko ƙarambau. Wannan ya haɗa da Alabukun. Ibuprofen ba a ba jaririn da bai kai wata uku ba, ba a ba yaro mai ƙarambau, ba a ba mai gudawa da amai da jikinsa ya bushe. Jaririn da bai kai wata uku ba in zafin jikinsa ya kai digiri 38, ba a ba shi komai a gida, asibiti ake kai shi.

Parasitamol na yaro miligiram 10 zuwa 15 ne a kowane kilo, ba fiye da sau huɗu a yini ba. Inda iyaye ke ruɗewa shi ne ƙarfin ruwan maganin ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba. Ɗauki yaro mai kilo 12. Mafi yawan abin da zai sha a lokaci ɗaya miligiram 180 ne. In kwalbar ta ce miligiram 120 a cikin mil 5, wato mililita 5, zai sha mil bakwai da rabi. In ta ce 160 a cikin mil 5, mil biyar da rabi. In ta ce 250, wajen mil uku da rabi. In kuwa ɗigon jarirai ne mai 100 a kowane mil ɗaya, bai kai mil biyu ba. Uwar da ta saba da mil bakwai da rabi a kwalbar gida, ta zo nan ta auna haka daga kwalbar ɗigo, ta ba ɗanta ninki huɗu da ɗoriya. Ki sa mai kemis ya rubuta miki adadin a jikin kwali da biro, ki auna da sirinjin da ke ciki, ki bar cokalin shayi. Na matsawa a dubura, wanda ake kira tahamil kuma likitocin nan ke yawan bayarwa, shi ma parasitamol ne mafi yawan lokaci. In an sa shi, an sha kenan, ba a ƙara da na baki.

Yi wa mai kemis magana

A nan wanda ke bayan kanta ya yi karatun haɗa magunguna, ba yaron shago ba ne. Yi amfani da shi. Ba sai ka iya Larabci sosai ba. Ka ce musakkin, ka nuna inda ke ciwo, sannan ka faɗi abin da kake da shi: dagat in hawan jini ne, sukkar, ƙurha in gyambon ciki ne, kila in ƙoda ce, rabu in asma ce, hamil ga mai ciki. Mafi sauƙi duka, zuba magungunan da kake sha a leda ka ajiye masa a kan kanta.

Wata dattijuwa ta shiga kemis a unguwar Kudai ta Makka da jikanta, tana dafe da gwiwa. Yaron ya ce, "Hajiya Kaka, wanne zan ce ya ba ki?" Ta ce, "Ka ce masa mai ƙarfin nan, wanda Hajiya Babba ta sha ta miƙe." Mai kemis har ya ɗauko Brufen, sai yaron ya zaro ledar magungunanta daga jaka ya ajiye. Mutumin ya juya kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ya ga na hawan jini da na fitsari da ƙaramin asfirin, ya mayar da Brufen kan kanta, ya kawo Adol da man shafawa. Ta ɓata rai ta ce, "Wannan ai na yara ne, ɗan nan." Ya ce, "Kaka, ya ce wancan zai taɓa miki ƙoda." Ta karɓa tana mita.

Kada ka nemi tramol ko wani abu mai kodin. A Saudiyya suna cikin magungunan da doka ta tsare, riƙe su ba takardar likita laifi ne da ke kai mutum gidan yari. Wanda likita ya rubuta masa irinsu a gida ya taho da takardar da rahoton asibiti, maganin kuma a cikin kwalinsa na asali. Kada ka karɓi saƙon magani daga hannun kowa a filin jirgi, ko da ɗan unguwarku ne. Maganin kashe ƙwayoyin cuta irin Amoxil shi ma tun 2018 aka tsananta hana sayar da shi ba takarda, kuma dama ba maganin ciwo ba ne, ba ya yi wa mura komai.

Azumi, ajiya, da ranar dainawa

Mai Umarar Ramadan yana da 'yan sa'o'i ne tsakanin buɗa-baki da sahur, sai ya ji kamar ya tara na yini duka ya sha lokaci ɗaya. Kada a yi. Adadin kowane sha da tazarar da ke tsakani ba sa canzawa don azumi. In ibuprofen ne, a sha shi bayan an ci abinci sosai da dare, ba da dabino da zamzam a kan cikin da ya yini fayau ba, ba kuma a ƙarshen sahur ba, lokacin da za a shiga yinin ƙishirwa. Ciwon kan la'asar kuwa galibi na rashin ruwa ne da rashin barci da rashin shayi, kuma ana rage shi ne tun da dare.

Yawancin magungunan nan ana so a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30, kwalin zai faɗa. Aljihun mota a Makka da rana ya ninka haka. Na matsawa narkewa yake yi. Duba ranar ƙarewar aiki kusa da haruffan EXP, da lissafin watannin Turawa take, ba na Hijira ba.

Rubuta lokacin da ka sha a bayan kwali, ko ka ɗaura shi da salla: na sha da azahar, ba ƙari sai bayan magariba. In zazzaɓi ya wuce kwana uku, ko ciwo ya kai mako bai ragu ba, ko kana buƙatar ƙari kullum, lokacin kemis ya wuce. Wanda ke shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, ko kwana 10 in mai haɗi ne, maganin da kansa na iya zama shi ke dawo da ciwon, kuma ƙari ba zai warware ba. Alhazai suna da asibitin tawagar ƙasarsu a Makka da Madina, ga cibiyoyin lafiya na gwamnati a Mina da Arfa da Muzdalifa da ke duba mahajjata kyauta. Mazauna kuma akwai mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a kusan kowace unguwa. Lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya tana aiki dare da rana, ana haɗa mutum da likita ta waya. In kuma magani ne ya yi maka illa, ƙaiƙayi ko kumburin fuska ko wani abu da ba ka gane ba, ka daina shansa nan take, ka riƙe kwalin, ka sanar da hukumar abinci da magunguna ta ƙasar a 19999. In numfashi ne ya fara sarƙewa ko leɓe da harshe suka kumbura, 997 za ka fara kira.